Ɗan tsokar hanta da ya ba mu amsa

Jiya na ci karo da takardar gwajin ɗiyata, sai zuciyata ta koma wancan lokaci. Tana da sati biyar shawara ta ƙi barin idonta, kashinta ya koma fari-fari kamar alli, fitsarinta kuma yana rina tsumma. Gwajin jini da hoton ciki ba su raba gardama ba.

Da likita ya ce za a ɗebi tsokar hantarta, wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Na ɗauka yanka ne. Ashe allura ce siririya ake sakawa ta gefen dama, bayan an ba ta maganin barci, a ciro ɗan abu kamar zare. A cikinsa suka ga maɗaci ya daskare a ƙananan hanyoyinsa, hanyoyin sun yi yawa, hanta ta fara tabo. Alamar babbar hanyar maɗaci ta toshe ke nan.

Likita ya ce tiyatar Kasai, wadda ake haɗa hanta da hanji don maɗaci ya samu hanyar fita, ta fi nasara kafin jariri ya cika kwana 60. Aka tabbatar da toshewar a ɗakin tiyata, aka yi aikin. Ranar da kashinta ya fito ruwan ɗorawa, na riƙe tsumman ina kuka.