Kwandon Alhamis da kwalaben kaka

'Yan'uwa masu koyon adana abinci, ga inda na kai daga farkon Satumba zuwa yau. A kan kantar ɗakin girkinmu akwai kwalaben tumatir 11 da murfinsu ya kama, da kwalba 2 ta kauɗa, da garin kuɓewa da bai wuce cikin kofi biyu ba. A bayan ƙofa kabeji na tsima, yau kwanansa 14. Kabewa 6 na jere a kabad ɗin bakin ƙofar shigowa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Kwandon gona ne ya jawo mini duk wannan aiki. Ni da maigida muna zaune a Madison, a jihar Wisconsin ta Amurka, shi yana karatu, ni ina aikin rabin yini. Tun watan Fabrairu, ƙasa na binne a dusar ƙanƙara, muka biya wata gona kuɗin kakar bana, ba a ma jefa iri ko ɗaya ba. Mutanen nan na kiran tsarin CSA, mu a gida kason gona muke cewa. Manomi ya samu kuɗin iri da na 'yan ƙwadago a lokacin da hannunsa ya fi bushewa, kai kuma kowane mako ka je ka ɗauki rabonka daga abin da gona ta bayar. Namu na mako 20 ne, Yuni zuwa Oktoba, duk Alhamis da yamma. In gona ta yi albarka ku ci tare, in ƙwari ko ruwa sun yi ɓarna ku ɗauki asarar tare. A Amurka an soma shi a 1986 a gonaki biyu, Indian Line a Massachusetts da Temple-Wilton a New Hampshire, yanzu kuwa kewayen Madison cike yake da irin waɗannan gonaki.

Abin da ban hango ba shi ne ba ka da zaɓi. Abin da ya nuna shi za a zuba maka. Bana tattasai bai yi wani abin kirki ba, tumatir kuwa ya yi ta zuwa kamar da bakin ƙwarya, ga mu mutum biyu tak.

Makon farko na Satumba

Na fara da abin da na ɗauka na sani. Na taso ina ganin shanyar tumatir a wajajen Kura da Kadawa lokacin rani, fili ya yi ja wur iya ganinka. Sai na yanyanka nawa, na jera a tire, na kai baranda. Rana na nan, har da zafinta. A kwana na uku fumfuna ta yi fari a gefen yankan, wasu ma sun fara yauƙi. Na kira Umma, na juya mata wayar ta gani. Ta ce, "Wa ya ce miki rana kaɗai ke yin kauɗa, 'yar nan? Iska ce. Ko a nan kin taɓa ganin an shanya tumatir da damina?" Gaskiyarta. Garin nan tsakanin tafkuna biyu yake, Mendota da Monona, iskar Satumba ɗauke take da laima, da asuba kuma raɓa ta jiƙa komai sharkaf. Abin da ke busar da kauɗar Kano busasshiyar iskar hunturu ce, kuma ba ta zuwa nan. Tire biyu na zubar, abin ya dame ni, don abinci ne.

Daga nan maigida ya samo mana na'urar busarwa ta hannu. Ina yanka tumatir masu tsoka, dogayen nan marasa ruwa da yawa, kaurin yanka bai kai rabin yatsa ba, na sa zafi a digiri 57 na Salshiyas. Nawa yakan ɗauki awa 12 zuwa 14. Alamar ya yi ita ce ya lanƙwasu kamar fata, in an matsa babu danshi. Kada ku yi saurin rufewa ku ajiye. Ku zuba a kwalba, ku riƙa girgizawa kullum har mako guda, in kun ga gumi a jikin gilashin ku mayar da shi na'ura. Kauɗar ta fi ta gida ja, babu yashi babu ƙura, amma ɗan ƙamshin nan na rana da ke tashi idan an jiƙa tamu, ita ba ta da shi.

Kuɓewa sau biyu kawai ta zo a kwandon, 'yar kaɗan. Sauran a kasuwar manoma ta ranar Asabar na saya, wadda ke ci a kewayen ginin majalisar jiha tun 1972. Manoman ƙabilar Hmong, waɗanda suka zo daga Laos bayan yaƙin Biyetnam, su ne masu kuɓewa da alayyahu. Ita ba ta ba ni wahala ba, awa 9 ta bushe ƙarau, bilenda ta niƙa.

Tsakiyar Satumba

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma nan nake so ku tsaya da ni, musamman masu shirin fara kwalba.

Duk girkin da na iya da ido na koye shi. Gishiri da yatsa, ruwa da kallo, in ya yi hanci zai gaya maka. Adana abinci a kwalba bai yarda da wannan ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda ke haddasa ciwon botulizim. Irinta ba ya mutuwa a zafin tafasar ruwa, kuma inda babu iska babu tsami nan ta fi son tsira, wato daidai cikin rufaffiyar kwalba. Gubar da take fitarwa na shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma sau da yawa ba wari ba canjin ɗanɗano. Abin da ke hana ta tsira tsami ne, lamba 4.6 ko ƙasa da haka a ma'aunin da ake kira pH. Tumatir a kan gaɓa yake, wani ya kai wani bai kai ba, kuma harshe ba ya tantancewa. Shi ya sa ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka, da cibiyar nazarin adana abinci a gida da ke Jami'ar Jojiya, ta ce a ƙara ruwan lemun tsami na kwalba: babban cokali 2 a kwalba mai cin kusan lita ɗaya, cokali 1 a mai cin rabin haka.

Ranar farko maigida ya shigo da lemun tsami ɗanye cikin leda, ya tarar na sayo na kwalba. Ya ce, "Ga na Allah da Annabi, me za ki yi da na kamfani?" Na ce, "Malam, na kamfani tsaminsa a aune yake, wannan kuwa kowane ɗaya da irin nasa." Ya ɗan yi shiru, sai ya ɗauki wuƙa ya zauna ɓare tumatir. Lemunsa ya tafi a shayi.

Ga yadda muke yi. A tsoma tumatir a tafasasshen ruwa na kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, a jefa a ruwan sanyi, fatar ta zame da kanta. A raba huɗu. A fara zuba kaɗan a tukunya a dagargaza har ya tafasa, sannan a riƙa ƙara saura, in an gama a bari ya ɓararraka minti 5. Kwalabe su kasance da zafinsu. Lemun tsami ne ke fara shiga, don kada a manta, sai tumatir, a bar rabin inci daga baki. A zura sandar roba a fitar da iska, a goge bakin kwalbar tas, a ɗora murfi, a murɗa zoben da ke riƙe murfin iya ƙarfin yatsu kawai. A jera a babbar tukunya, ruwa ya haye kansu da inci ɗaya ko biyu. Ba a fara ƙirga lokaci sai ruwa ya tafasa sosai: minti 45 ga babbar kwalba, 35 ga ƙarama. A kashe wuta, a buɗe tukunya, a jira minti 5, a fito da su a kan tawul, kada a taɓa su sai bayan awa 12 zuwa 24.

Wannan lokacin na wuraren da ba su haura ƙafa 1,000 daga teku ba ne, kuma Madison na ƙasa da haka. Ku da ke Kano kun haura, babbar kwalba minti 50 za ta yi muku, mutanen Jos kuwa 55, don ruwa na tafasa da ƙarancin zafi a kan tudu.

Mun gama zagayen farko bayan isha'i. Muna kwance sai muka ji "ƙyas" daga ɗakin girki, murfi ya lotsa ciki, alamar ya kama. Muka yi ta ƙirgawa a cikin duhu, shi yana faɗin lamba ina maimaitawa. Shida muka ji daga cikin bakwai. Da safe na danna tsakiyar murfin ta bakwai, ya motsa. Da na buɗe, ƙwayar tumatir guda ce ta maƙale a bakin kwalbar ta hana robar murfin zama. Ta shiga firji, muka yi dafa-duka da ita washegari. Tun daga ranar sau biyu nake goge baki.

Na san da yawanmu mun saba da markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a dafa, a ɗura a kwalaben mayonis, a tafasa. Na ga ana yi a gida, kuma na san za a ce ai shekara da shekaru ba abin da ya faru. Ni dai ba zan yi ba, kuma ina roƙonku ku bari. Albasa da tattasai ba su da tsami, suna shiga suka rage na tumatir, kuma ba wanda ya auna haɗin da kowa ke yi a ɗakin girkinsa. Markaɗena a firiza yake, a leda, na baje shi ya yi faɗi don ya yi saurin narkewa. Kwalba ta tumatir zalla ce da lemunta.

Oktoba

Itatuwan unguwarmu sun koma ja da rawaya, maigida ya fito da rigunan sanyi, kwandon ma ya sauya kama. Tumatir ya ja baya, sai karas da dankalin turawa da tafarnuwa da kabeji, da wani ganye mai kauri da suke kira kel, da kabewa iri-iri. Mai dogon wuyan nan, batanot, ita ta fi kusa da tamu a miya, sai dai ta fi zaƙi. Alayyahu ya ƙare a kasuwa da sanyi ya shigo, don haka na yi miyar taushe da ita da ganyen kel, na markaɗa gyaɗa, na ɗiga lemun tsami a madadin yakuwa. Kel na son ya fi alayyahu daɗewa a wuta, kuma a cire ƙashin tsakiyarsa. Bayan raɓar ƙanƙara ta farko ya rage ɗaci ya ƙara zaƙi, yadda manomin ya gaya mana ranar da muka je ɗibar kabewa a gonar. Wata Juma'a muka kira ɗalibai biyu 'yan gida, aka yi tuwon shinkafa, ba a bar komai a tukunya ba.

Na so in dafa kabewa in dama in ɗura a kwalba don taushen hunturu. Ba a yi. Kabewa ba ta da tsami, sai tukunyar matsin tururi mai kai digiri 116, wadda ba ni da ita, kuma ko da ita sai a gutsure, don damammiya ta yi kaurin da zafi ba ya ratsa tsakiyarta. Ashe ma ba ta buƙatar kwalba. In an bar mata hancinta, ba a ƙuje fatar ba, ta sha ɗumi kamar kwana 10 fatar ta yi tauri, aka ajiye ta a wuri mai digiri 10 zuwa 13, takan yi wata biyu ko uku lafiya. Duk Lahadi ina juya su ina duba ƙasansu.

Kabeji ne sabon darasina. Jihar nan jikokin Jamusawa sun yi yawa, kuma tsimammen kabeji abincinsu ne. Gishiri giram 20 a kowane kilo na yankakken kabeji, da sikeli, ba da yatsa ba. A murza har ya fitar da ruwansa, a danna a kwalba, a ɗora nauyi don kada ko zare ɗaya ya leƙo saman ruwan. Kwana uku ya fara kumfa. Warinsa ya tuna mini da gasarar koko da ta kwana biyu. Maigida har yanzu kallon nesa yake masa.

Farkon Nuwamba

Kwandon ƙarshe ya zo Alhamis ɗin ƙarshen Oktoba, da ɗanyun tumatir kore da aka tsinke kafin ƙanƙara ta kashe itacen. Suna cikin jakar takarda tare da tuffa guda, tana hanzarta nunarsu. Wanda aka tsinka daga itacen da ƙanƙara ta riga ta kashe ba a sa shi a kwalba, don tsaminsa na iya raguwa. Ranar Lahadi aka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Magaribar da muke yi wajen 7 da rabi a farkon Satumba yanzu kafin ƙarfe 5 take shiga, maigida na dawowa daga makaranta cikin duhu.

Abu ɗaya ya rage mini ban gama warwarewa ba. A kwalabe 3 na zagaye na biyu ruwa ya ware a ƙasa, tsokar ta taso sama. Murfinsu ya kama, lemun tsami ya shiga, don haka ba ni da fargabar cinsu. Ina zargin jiran da yankakken tumatir ya yi a kwano kafin ya hau wuta, don ranar mun yanka duka muka tafi sallah. Wanda ya taɓa gamuwa da haka a cikinku ya gwada yanka kai tsaye cikin tukunyar da ke tafasa, ni ma haka zan yi baɗi in Allah ya kai mu. Mako mai zuwa kabejin zai cika kwana 21, zan ɗaga nauyin in ɗanɗana, in tsamin ya kai ya koma firji, in bai kai ba ya ƙara mako guda a bayan ƙofa.