Ashe kwanukan jeren Inna gilashi ne a jikinsu

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san kwanukan jere. A ɗakin kakata cikin Birni, can bayan fadar Sarki, samira da langa da fanteka ne tun daga ƙasa har kusan rufi, masu furanni ja da shuɗi, ba a cin abinci cikinsu sai dai Inna ta sauke ta goge ta maida. Akwai wata fanteka da ta taɓa faɗuwa bakinta ya ɓantare baƙin ƙarfe ya fito, nakan sa farce ina ɓanɓarar wurin in ji yana fashewa ƙaras ƙaras kamar kwalba. Na girma ina ɗauka fenti ne mai ƙarfi kawai. Ashe gilashi ne na gaske aka narka bisa ƙarfe cikin wuta, Faransawa na ce mishi emay.

Ban gane haka ba sai bara da na kai gyaran awarwaron maiɗakina wajen wani dattijo maƙerin fari a Zengo. Ina zaune ina jira sai na hango wani ɗan akwati a lungu bai kai girman katan ɗin sabulu ba, an jona shi da kuran, wato lantarki, ta kafar ƙofar kana ganin cikin ja jawur. Na ce Baba wannan fa? Ya ce tanderu ne ɗana, matso ka gani. Shekaru ya yi a Aljeriya yana aiki ƙarƙashin Kabilawa, su ne masu kayan azurfar nan da ake cikewa da shuɗi da kore da rawaya a ɗora murjani a tsakiya, yankin Beni Yenni ya yi suna a kansu, can ya koyo kuma can ya sayo tanderun.

Wallahi ranar ban koma gida ba sai bayan magariba. Ya yanko jan ƙarfe kamar faɗin dala ashirin, ya jiƙa shi cikin binegar da gishiri ya dirje har ya yi fes, daga nan bai sake taɓa fuskar da yatsa ba sai gefe gefe, ya ce maiƙon hannu kaɗai ya isa ya sa garin gilashin da za a barbaɗa ya gudu ya bar rami. Garin kuwa in ka gan shi cikin kwalba sai ka ce yashi ne mai laushi, ba shi da wani kyau. Ya zuba cikin kofi ya wanke shi, ya tsiyaye farin ruwan sama ya sake ya sake har ruwan ya fito garau, sannan ya shafa ruwan ƙaro kaɗan ya barbaɗa garin da ƴar rariya, ya ɗora bisa tanderun ya bushe sarai, don in da sauran laima tururi zai watsar da garin.

Zafin wajen digiri 800 ne, abin da ake so tsakanin 750 da 850. Ya sa shi ciki da dogon cokali, ya bar ƙofar a ɗan buɗe ya ce in duba. Da farko sai ka ga garin ya dunƙule kamar sukari ya sha ruwa, can sai ya koma gurji gurji kamar bawon lemu, kafin ka ƙifta ido ya kwanta sumul yana sheƙi. Duka duka bai kai minti biyu ba. Da ya fiddo shi baƙi ƙirin na gani har na ɗauka ya ƙone, amma yana hucewa launin na tasowa a hankali a gaban idona har ya zama shuɗi irin na rinin baba. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Na roƙe shi in gwada nawa ya yarda. Ya fito da kyau, na ajiye bisa bulo ina kallo, can sai na ji tas, ya tsage gida biyu. Raina ya ɓaci sosai. Baba ya juya bayan ya nuna mini, ya ce ka manta ka sa ma bayan nashi. Ƙarfe ya fi gilashi saurin tsukewa in yana hucewa, to in gefe ɗaya ne ke da gilashi sai ƙarfen ya lanƙwashe ya fasa shi, dole a narka wani a baya su ja juna daidai. Tun ranar nake juya duk wani abin wuya in duba bayansa kafin in duba gaba.

Launukan ma daga ƙarafa suke fitowa, kobal ke ba da shuɗi, jan ƙarfe kore, kuza fari, wani jan mai ruwan hoda kuma sai an sa zinariya a ciki shi ya sa ya fi tsada. Ja ne mai wuyar sha'ani, in ya ɗan daɗe a wuta sai ya koma ruwan ƙasa, shi ya sa ake barin shi ƙarshe. Kuma abu ɗaya sai ya shiga wuta sau biyar sau shida, a tsakani a goge da dutse cikin ruwa. In bisa azurfa ake yi hankali ya ƙaru, ita tana narkewa wajen digiri 960, tazarar ba yawa.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. A Limoj ta Faransa tun ƙarni na 12 suke sassaƙa ramuka a jikin jan ƙarfe su cike da garin, Sinawa kuma siraran wayoyi suke lanƙwasawa su yi ɗaki ɗaki su cike kowane da launinsa, suna kiran shi da sunan sarkinsu Jingtai na wajen 1450. A Jaifur ta Indiya minakari suke ce mishi. Kwanukan Inna dai na kamfani ne, na Hong Kong da na Kano, amma wutar ɗaya ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne yanzu kasuwar Dole ta nan Damagaram cike take da ɗan kunne da sarƙa masu launi da ake cewa emay ne alhali roba ce aka zuba ta daskare, ba ta ga wuta ba. Ka ɗan ƙwanƙwasa a haƙori, gilashi na da sanyi yana ƙara, roba shiru take kuma allura na karce ta, a kwana a tashi ta dushe. Mu da muke garin da maƙeransa suka zuba ma Sarki Tanimun igwa tun ƙarni na 19, ba sanin wuta muka rasa ba. Garin gilashin ne babu a nan sai an yo saƙo daga waje, ga wuta in ta ɗauke ana tsakar aiki tanderu ya huce shi ke nan.

Baba ya ce yara biyu ya taɓa ɗauka duk suka koma kabu-kabu, kuma shuɗin da ya rage mishi bai fi rabin kwalba ba. Na yi magana da wani abokina direba mai zuwa Tamanrasat ya nemo mana ko kilo ɗaya ne, ni kuma ranar Asabar zan koma da ɗana babba, Baba ya ce in zo da shi da tsumman rufe hanci don ƙurar garin ba ta da kyau ga huhu.