Godiya daga gidanmu na Winnipeg, bayan arba'in

Assalamu alaikum warahmatullah. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu.

Ranar Alhamis da ta wuce na yi arba'in. Da a Zariya nake, da yanzu na goya jaririya ina yawon arba'in gida-gida, ina godiya baki da baki. A nan kuwa kowa na wurin aiki, gidajen da nisa, ƙanƙara ma ba ta gama narkewa ba. Shi ya sa Abbansu ya ce in rubuta, wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

A watan Nuwamba na 2024 muka sauka Kanada, ta shirin da lardin Manitoba ke ɗaukar masu sana'a, mu huɗu da cikin wata shida. Tun a Toronto aka karɓe kilishin da Mama ta sa aka yi mana, wai ba a shiga ƙasar da nama. Na yi ta hawaye a kan kilishi kamar wata yarinya, alhali na san ba kilishin nake yi wa kuka ba. Da muka iso Winnipeg, wani yayanmu Bakatsine da ba mu taɓa gani ba sai ta WhatsApp yana tsaye da rigunan sanyi huɗu a hannu. Ya kalli suwaitar da muka sayo a Sabon Gari ya yi dariya, ya ce wannan ta sanyin Jos ce. Kwana goma sha tara muka yi a ɗakinsa na ƙasa. Shi ya kai mu muka karɓi lambar SIN da ba a ɗaukar mutum aiki sai da ita, da katin lafiya na Manitoba, ya kuma tsaya mana wurin mai gidan haya, don a nan sai an ga tarihinka na biyan bashi kafin a ba ka mukulli, mu kuwa ko sisi ba mu taɓa ci a ƙasar ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Yaya, kai da Anti, Allah ya jiƙan mahaifa.

Daren da nake so in ba da labari shi ne na Juma'a, 14 ga Fabrairu. Abbansu mai harhaɗa magunguna ne a gida, amma kafin ya ci jarrabawar samun lasisin nan, aikin dare yake yi a wani sito, bas yake hawa. Wajen ƙarfe biyu faya ta fashe, saura mako biyu a lissafin likita. Sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Waɗanda ke gida ba za su gane ba: a garin nan kowace mota da 'yar igiyar lantarki a goshinta, ana jona ta da daddare don injin kada ya daskare. Mu baƙi, ranar mun manta. Na lallaɓa na sauko, na murɗa mukulli, motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ni da ko lasisin tuƙin nan ban gama ba, ban san ma ina zan kai kaina ba.

Sai na ga fitila ta kunnu a ƙofar da ke kallon tamu. Dattijon nan ne, Bature, wanda ya taɓa gaya wa Abbansu kakanninsa daga Yukren suka zo noma. Tsakanina da shi ɗaga hannu ne kawai. Ya fito da rigar barci a ƙarƙashin jaket, ya dube ni sau ɗaya, bai tambaye ni komai ba, ya koma ya ta da matarsa ta je ta zauna da yara, ya shimfiɗa bargo a bayan motarsa. Duk hanya yana tuƙi a hankali saboda santsi, yana ce mini in yi numfashi, ni kuma ina ta Hasbunallahu. Ya zauna a asibiti har Abbansu ya iso. Da asuba na sauka lafiya, mace. Ba ya jin Hausa, amma an fassara masa wannan sakin layin, ya ce wai ai ba komai ba ne. A wurina dai komai ne.

Sai Hajiyarmu ta Sudan. Mama ba ta samu biza ba, ni kuma haihuwa biyu na yi a gabanta, ban san yadda ake jego ba uwa ba. A Babban Masallaci na titin Waverley muka haɗu, ta ji ina yi wa yaro faɗa da Hausa ta juyo ta ce, “Ɗiyata, ke ta ina ce?” 'Yar Mai Wurno ce, garin nan na bakin kogin Nilu da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarta irin ta tsofaffi ce, da Larabci tsamo-tsamo a ciki. Kwana bakwai ta kwana a falonmu, bayan nan kullum sai ta shiga bas biyu ta zo. Ba darbejiya, ba itace, ba tukunyar wanka, sai ruwan famfo da tawul a baho, ta gasa mini jiki har na ji na dawo mutum. A kan kunun kanwa ne suka yi ta ja da Mama a bidiyo. Abbansu ya tuna musu cewa tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Mama ta ce su da suka sha ai ga su nan. Hajiya ta raba gardama, ta dama kunun gyaɗa ta ɗiga kanwa kamar ana rantsuwa. Duk wannan tana yi ne alhali nata 'yan'uwan na cikin yaƙin da ya ɓarke a Sudan tun Afrilun 2023, wani lokaci sai in tarar da ita a kicin ta ƙura wa waya ido. Hajiya, Allah ya kawo wa ƙasarku zaman lafiya, ya haɗa ki da naki cikin alheri. Ku taya ni yi mata addu'a.

Ranar suna, 22 ga wata, matasan nan uku ɗaliban Jami'ar Manitoba suka tafi wata gona a bayan gari aka yanka rago, don ba a yanka a cikin gida. Aka raɗa suna bayan sallar asuba, aka raba dabino, jaririya ta ci sunan Mama. Matan ƙungiyarmu ta 'yan Arewa suka cika ɗan kicin ɗina, da 'yar'uwarmu ta Damagaram da ta Kumasi mai waakye, shinkafa da wake irin na Gana. Ana cikin suyar nama ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka, muka buɗe tagogi a wannan sanyin muna fifita da mayafai. Maƙwabciyarmu 'yar Filifin ta shigo a guje, ta fita da kwanon nama. Allah ya bar zumunci, ya kai mu na 'ya'yanku.

Ina godiya ga ungozomomin asibiti, da nas ɗin gwamnati da ta biyo ni har gida ta auna jaririya, da malamar babban ɗana da ta lura safar hannunsa ba ta riƙe ɗumi ta ba shi wata ba tare da ta kunyata shi ba. Da wanda ya riƙa kwashe mana ƙanƙarar ƙofar gida duk watan azumi, har yau ban kama shi ba, ko da yake ina da wanda nake zargi.

Mama, da Gwaggo, da Inna, da surukaina na Tudun Wada: awa bakwai ne tsakaninmu a lokacin, amma ban taɓa kira na ji wayarku a kashe ba. Allah ya ƙara girma. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da masu saƙon barka da ban amsa ba, don Allah ku yafe mini, ba wulaƙanci ba ne, barci ne.

Sannan akwai kuloli biyu, ja da ruwan toka, da wata babbar tukunya mai murfin gilashi da aka kawo mana abinci a ciki, na rasa masu su. Na wanke na ajiye. Mai su ta yi mini magana, Abbansu zai kawo ranar Asabar in Allah ya kai mu.