Wata 6 Kafin a Sa Wuƙa

Jira ne ya fi ci mini rai a gwajin maganin nabit, cutar kumburin nan da likitoci ke kira mycetoma. Na baro garinmu Mai Wurno a Sudan da kumburi a bayan ƙafa yana fitar da baƙaƙen ƙwayoyi, burina a yanke shi in huta. A cibiyar binciken cutar, lokacin tana Soba a Khartum, wadda Farfesa Ahmed Fahal ya kafa a 1991, sai aka ce tiyata sai bayan wata 6 ana shan magani.

Gwajin ya fara a 2017, ƙungiyar DNDi mai neman maganin cututtukan da aka yi watsi da su da kamfanin Eisai na Japan suka shigo da sabon magani, fosravuconazole, na sau ɗaya a mako, ana gwada shi da itraconazole na kullum. An karanta mini takarda na sa hannu. Ni da likitan duka ba mu san wanne nake sha ba, haka tsarin yake. Wannan bai dame ni ba, ɗibar jini da awon zuciya ma na saba.

Amma wata 6, ƙafa na ɗoyi, gona na jira! Kawu ya zo har ɗaki ya ce, "Ɗana, sun mai da kai abin gwaji. Taso mu je wurin wanzami ya tsaga, kwana 3 ka miƙe." Wallahi saura kaɗan in bi shi. Likita ta zaunar da ni ta ce maganin ne ke tattara cutar wuri guda ya yi mata jaka, a ciro ta ɗungurungum. In aka tsaga da wuri, ƙwaya ɗaya ta rage, sai ta dawo, ta iya kaiwa ga ƙashi.

Na ga hakan a jikin maƙwabcinmu. An taɓa tsaga tasa a wani wuri, da ya zo gwajin ba a ɗauke shi ba saboda an riga an taɓa ciwon. Yau da sanda yake tafiya, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Aikin kansa bai ba ni wuya ba. Bayansa ma sai da na ƙara wata 6 ina sha, ko da ciwon ya rufe. Mu 104 muka shiga, kuma ina alfahari ina cikinsu.

Wanda ya ga kumburi marar zafi bayan ƙaya ta soke shi, kada ya bari kowa ya sa masa aska, ko da Kawu ne ya ce. A fara kai shi a ɗauki hoto a duba.