Abin da na koya a bakin teku a Tarkwa Bay

Mu da muka koyi iyo a gulbin Rima, wajen Kwalkwalawa, mun saba da ruwan da ya san gabansa: daga inda ya fito zuwa inda ya nufa, shi ke nan. Teku kuwa tana turowa tana janyewa a lokaci guda. Na ga haka sa'ad da nake bautar ƙasa a Legas, ina taya masu ba da hayar allon hawan igiyar ruwa aiki a Tarkwa Bay ranakun hutu. Ƙaramar gaɓa ce kusa da mashigar tashar jiragen ruwa, da kwale-kwale ake zuwa.

A irin wannan gaɓa igiya a kan tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa take fashewa, yashin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Inda aka hau lafiya makon jiya yana iya zama rami yau. Saboda haka masu allo sukan tsaya a tudu su ƙare wa ruwa kallo kafin su jiƙa ƙafa. Suna son iskar da ke busowa daga tudu, irin ta sassafe ko ta hunturu, don ita ke gyara fuskar igiya. Manyan igiyoyi kuwa sai damina.

Abin da ya fi zama a raina shi ne ruwa mai komawa. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami kwari tsakanin tudun yashi biyu ya bi a guje. Daga nesa wurin ne ya fi kama da lafiya: babu kumfa, ruwan ya kwanta, ya ɗan yi duhu. Baƙo can yake nufa. Gudunsa yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa, ko gwanin iyo ba ya ja da shi. Ba ƙasa yake jan mutum ba, cikin teku yake kai shi. Firgici da gajiya ne ke halakarwa.

Maigidan wurin yakan ce mini, “Malam, in ya ɗauke ka kada ka saki allo, kada ka yi kokawa da shi. Ka bi gefe har ka fita, in ka gaji ka ɗaga hannu.” Su gwanayen ma da gangan suke shigarsa, ya kai su bayan igiya ba wahala.

Yanzu da nake koyarwa a Sakkwato, duk ɗalibin da ya ce zai tafi cirani Legas sai na zana masa tudun yashi biyu da kwarin da ke tsakaninsu.