Rumbun Inna a cikin fasasshiyar randa

Da hunturun bara randar ta tsage, ranar da yara suka ja ta za su share bayanta. Tsagin ya taso daga baki ya gangara har kusan gindi, sannan wani ɓari mai faɗin tafin hannu biyu ya ɓalle. Maigida ya ce a kai ta bola, ni kuwa na kasa. Randar nan ta riga ni zuwa gidan. Tun kafin a kawo ni Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, take zaune a ƙofar ɗakin Inna, surukata, kuma duk da firij ɗin da ke ɗakinmu, Inna ba ta yarda da ruwan da bai kwana a randa ba. Sai na mirgina ta zuwa lungun da ke bayan ɗaki, inda muke shanya, na kife ta a can.

Wanda ya san gidajen Aboabo da Asawase ya san irin lungun da nake nufi. Ɗakuna sun zagaye tsakar gida, ko'ina an malale da siminti, ƙasa ko taku ɗaya ba a bari ba. Ana yi wa Kumasi kirari da birnin lambuna, sunan da ake dangantawa da tsarin da Baturen nan mai zanen gine-gine, Maxwell Fry, ya yi wa garin a 1945, kuma duk wanda ya shiga harabar jami'ar KNUST zai ga dalilin kirarin. Amma mu a zango, koren da yarana suka fi gani shi ne ganyen da mai wake da shinkafa take ƙunsa musu abinci da safe. Abin ya daɗe yana damuna.

Babbar 'yata, mai shekara 11, ita ta kawo mini waya wata rana ta ce in kalla. Wata mata ce a Amurka ta ɗauki fasasshiyar tukunyar fure, ta jera tsingaron kamar matakala, ta shuka 'yan tsirrai, ta ajiye ɗan gida wanda bai fi kwalin ashana ba. Sunan da suke kiran abin, in an juya shi zuwa Hausa, sai ya zama lambun aljanu, domin a tatsuniyoyinsu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu fukafukai da ke zama cikin furanni. Daga baya da na bi diddigi sai na ga ba su suka fara ba. A ƙasar Sin akwai zanen bango a kabarin wani yarima, na shekarar 706, wanda ya nuna hadimi ɗauke da faranti mai ƙananan duwatsu da tsirrai a ciki. Daga can sana'ar ta ƙetara Japan, inda suke renon bishiya a ɗan kasko shekara da shekaru.

Kuskuren yarinyar shi ne ta faɗi sunan a gaban Inna.

Inna na kan tabarma tana jan carbi. Ta ɗago ta dube ni, ba ta dubi jikar ba. Ta ce, "A'uzubillahi. Ke 'yar nan, masauki suka rasa da za ki gina musu a gidana?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ku yi haƙuri, sunan ne kawai na Turawa. Ba wanda za mu gina wa komai. Ƙasa ce da shuka."

Ta ce, "Da 'yan gumaka. Na gani a wayar."

Ta yi gaskiya, akwai 'yan mutum-mutumi masu fukafukai a hoton, kuma ni ma ba su kwanta mini a rai ba. A nan na yi mata alkawari biyu: ba za a sa siffar mutum ko ta dabba ba, kuma ba za a ƙara kiran wancan suna a gidan ba. Ta yi shiru, ta ci gaba da carbinta. Na ɗauki shirun a matsayin izini.

To, in ba gidan Turawa ba, gidan wa za mu gina? Na kwana biyu ina juya maganar. Yarana a asibitin Kumasi aka haife su, Tonanci, yaren Ashanti, a bakinsu kamar Hausa, ba su taɓa ganin rumbu ba, ba su taɓa jan guga ba. Inna kuwa daga wani ƙauye kusa da Birnin Ƙonni aka kawo ta amarya zamanin Nkrumah, kuma in tana ba da labarin gida yaran sukan saurara kamar tatsuniya. Sai na ce wa 'yata, garin su Kaka za mu gina.

Ga yadda muka yi, don wadda take da tsohuwar randa ko robar wanka da ta fashe. Abu na farko shi ne hanyar ruwa. Ruwan Kumasi ba wasa ba ne, damina biyu muke yi, ta fari daga wajen Maris zuwa Yuli, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba. In ruwa bai sami mafita ba saiwa za ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Tsagin randar ya taimaka, amma duk da haka na huda gindinta da ƙusa wuri uku, a hankali, ina murzawa ba bugawa ba. Na zuba tsakuwa kamar tsawon yatsa, na bi ta da gutsattsarin gawayi daga ƙasan buhu, sannan ƙasa. Jar ƙasar Kumasi in ta jiƙe takan cure, in ta bushe ta ƙanƙame kamar bulo, don haka na haɗa mudu biyu na baƙar ƙasa, mudu ɗaya na yashi, mudu ɗaya na busasshen kashin tumaki da na roƙo wajen maƙwabcinmu mai kiwon ragunan Layya. Kashin ya zama tsoho, wanda ya daina wari. Ɗanye yana ƙona shuka. Ɓarin da ya ɓalle na kafa shi a ciki ya tare ƙasa, sai wurin ya zama hawa biyu, tudu da gangare.

Bishiyar garin, tsamiya ce. Na ajiye ƙwallaye biyar daga wadda na jiƙa don kunu, na bar su cikin ruwa suka kwana, na binne su a gwangwanin madara. Uku suka tsiro kafin mako biyu, na zaɓi mai ƙarfi na dasa a kan tudu. Ganyen tsamiya ƙanana ne, shi ya sa ko tana tsawon hannu sai ta yi kama da babbar bishiya da aka hango daga nesa. Duk sanda ta yi saurin tsawo nakan tsinke kan da farce, sai ta yi rassa a gefe. Ciyawa kuwa, gansakuka muka kankaro da wuƙa daga jikin katangar makewayi, inda rana ba ta kaiwa. A bakin randar muka kafa furen nan da ba ya buɗewa sai hantsi, wanda ake ce wa ƙarfe goma. Reshe kawai za ki karya ki soka, zai kama. A nan na yi kuskure ɗaya. Gansakuka inuwa take so, ƙarfe goma da tsamiya rana suke so, na kuma haɗa su wuri guda. Sai da na juya randar yadda bangonta zai yi wa gangaren inuwa kafin gansakukar ta daina ƙonewa.

Sauran duk kayan shara ne. Danga da tsinken tsire muka yi ta, autana ne ya bi mai nama na bakin titi yana tarawa, muka wanke muka ɗaure da zaren ɗinki. Ɗaki rabin ƙoƙon kwakwa ne da aka yanke wa ƙofa, jinkarsa tsintsiya. Tabarma daga ɓawon masara. Rijiya ƙaramin gwangwanin tumatir ne da muka binne, muka zagaye bakinsa da tsakuwa, guga kuma murfin man goge baki. Yara sun so a zuba ruwan gaske na hana, domin sauro ba ya buƙatar fiye da haka, daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya ne ko kwana goma, kuma zazzaɓin da muke sha ya ishe mu. Gutsuren madubi na sa a ƙasan gwangwanin. In ka leƙa sai ka ga sama da idonka, daidai yadda rijiya take yi.

Rumbu ne ya ba mu wuya. Na shiga mota daga Kejetia zuwa Pankrono, kan hanyar Mampong, inda matan Tonawa ke gina tukwane da kaskon niƙan yaji, na sayo curin yumɓu. Muka mulmula shi kamar ƙwan agwagwa, muka rarake cikinsa, muka shanya, muka ajiye gefen ɗaki. Ya yi kyau a idonmu. Ruwan farko na watan Maris ya sauko da dare, da safe muka tarar da shi ya narke ya zama ɗan tulin laka. Autana ya yi kuka sosai.

Kukan ne ya fito da Inna. Duk makonnin nan ba ta taɓa leƙa lungun ba. Ta zo da sandarta ta tsaya a kan randar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce wa yaron, "Maigida, share hawayenka. Wa ya taɓa dasa rumbu a ƙasa?"

Ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune da sauran yumɓun. Ban taɓa ganin hannun Inna yana irin wannan aiki ba. Ta ce a yayyanka mata busasshiyar ciyawa ƙanana-ƙanana, ta cuɗa da yumɓun, ta ce ita ke riƙe gini kada ya tsage. Ba ta mulmula curi ta raraka ba kamar yadda muka yi. Ta fara da faifan gindi, sannan ta riƙa murza yumɓu a tafin hannu ya zama kamar igiya, tana ɗorawa zagaye bisa zagaye, babban yatsa a ciki, manuniya a waje, tana shafe gaɓar da ɗan ruwa. Cikin ya buɗe, ya yi tumbi, sannan ya tsuke a sama ya bar ɗan baki. Autana ya tambaya ina ƙofa. Ta ce rumbun garinsu ba shi da ƙofa a gefe, ta sama ake shiga da tsani, a rufe da hular ciyawa. Ta aike shi ya tsinto tsakuwa masu kai ɗaya, ta jera su, ta ɗora rumbun a kai, ta ce haka ake yi saboda damshi da gara da ɓera, kaji kuma su sami wurin fakewa da rana.

Tana aiki tana magana, kuma ba da mu kaɗai take yi ba. Ta ce rumbunan babanta uku ne, biyu na gero ɗaya na dawa, kuma ba a buɗe na uku sai damina ta yi nisa. Ta ce a can da makuba ake shafe gini, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ruwa ya sauka ya zame. Ta dubi tsamiyar ta ce akwai irinta a bakin rijiyarsu, kuma ba a barin yara su je ƙarƙashinta da tsakar rana ko da magariba. Daga nan ta gangaro kan 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Ghana. Ta ce a lokacin yayanta da ƙanwar babarta suka hau babbar mota suka koma, ita ta zauna da goyo, kuma ganinta da yayan ke nan na ƙarshe. Shekara 14 ina gidan nan, ina dafa mata abinci ina wanke mata kaya, ban taɓa jin wannan ba. Maigida da na gaya masa da dare ya yi shiru, ya ce shi ma rabin labarin ya sani.

Ɗorawa ba bishiyar kurmi ba ce, ba mu sami makuba ba, sai muka koma ga wuta. Rumbun ya yi kwana takwas a inuwa har ya bushe ƙarau, domin in da sauran damshi a ciki tururi zai fasa shi. Na ajiye shi gefen murhun gawayi ya ɗumama a hankali, sannan na binne shi cikin garwashi bayan an sauke tuwo, na bar shi ya kwana har toka ta huce. Ya fito ja-ja-ja, gefe ɗaya da baƙin tabo, in ka ƙwanƙwasa da farce yana amsawa. Damina biyu sun wuce ta kansa bai motsa ba.

Kulawar ba ta da yawa, amma kullum ce. Kajin maƙwabta sun tone mana gangaren sau biyu kafin mu ɗora randar kan bulo huɗu. Da damina dodon-koɗi kan hawo da dare, sai a tsince da asuba. Gara ta cinye dangar farko, mun sake wata. Da hunturu gansakuka takan koma ruwan ƙasa kamar ta mutu, amma in aka yayyafa mata ruwa da yamma sai ta farfaɗo. Ban ruwa aikin 'yata ne, kofi ɗaya, da tsohuwar robar fiya wata da aka huda wa baki.

Yanzu bayan La'asar can Inna take sa a kai mata kujera. Jiya muna zaune har rana ta yi ƙasa, ganyen tsamiyar ya fara haɗe fukafukansa biyu-biyu kamar yadda yake yi kowace yamma. Ta nuna gefen rijiya da sandarta ta ce wa 'yata, "Kishiya, nan zaure yake, ƙofarsa na kallon gabas. Kuma rumbu ɗaya kuka yi, na ce muku uku ne." Ranar Asabar zan koma Pankrono, ta ce in sayo yumɓun da ɗan yawa.