Doubanjiang: sai an soya shi a mai kafin ya ba da daɗinsa

Masu sayen doubanjiang su zuba shi kai tsaye cikin ruwan miya, sannan su ce ba shi da daɗi, laifin ba na kwalbar ba ne. Wannan niƙaƙƙen barkono na lardin Sichuan ne a ƙasar Sin, kuma na garin Pixian ya fi suna. Da wake, jan barkono, gishiri da ɗan garin alkama ake yin sa, a bar shi cikin randuna a rana na tsawon watanni ya ruɓa, kamar dai daddawa.

Ku fara daddatsa shi da wuƙa, domin akwai ɓarin wake a ciki. In za ku yi miyar awara rabin kilo da shi, cokali 2 ya isa, a zuba cikin mai cokali 3. A rage wuta, a riƙa juyawa kamar minti ɗaya har man ya koma ja wur, ƙamshi ya tashi. Sai tafarnuwa da citta, sai niƙaƙƙen naman shanu, ruwa daga baya. In wuta ta yi yawa, sai ya kama ƙasan tukunya, miyar ta yi ɗaci, kuma ba gyara. Kada ku sa gishiri ko magi sai kun ɗanɗana, gishirinsa ba wasa ba ne.

Gochujang kuwa, wato niƙaƙƙen barkonon Koriya, daban yake. Yana da shinkafa da zaƙi, saurin ƙonewa gare shi, don haka a dama shi da ɗan ruwa a zuba can ƙarshe. Ku duba jikin robar, wasu kamfanonin suna sa barasa a ciki.